Safayar Da Na Mayar Murhu

Assalamu alaikum Edita, tare da duk masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan labari, sai yau Allah ya ba ni ƙarfin hali. Ina roƙon a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru shekaruna ashirin da uku, aurena shekara uku, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kafin Hausa. Babana manomi ne, ni ce auta a ɗakin Innata, kuma ni kaɗai ce mace, ni kaɗai na gama sakandare. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin waɗanda aka kwaso daga Kano aka dawo da su Dutse bayan an ba mu jiha. Dutsen wancan lokaci ba ta yanzu ba ce. In ka fita daga gidajen ma'aikata sai duwatsu da dabino da gonaki. Ban san kowa ba in ban da maƙwabciyata guda ɗaya. In ya tafi ofis, na gama shara da girki da ɗan karatun Alƙur'anina, sai in rasa inda zan sa kaina. In shiga ɗaki in fito, in leƙa ƙofa in dawo, zuciyata tana can gida wurin Inna.

Maigidana mutumin kirki ne, ina faɗa tsakanina da Allah. Ba ya wasa da sallah, bai taɓa ɗaga min murya ba. Larurarsa guda ɗaya ce, mota. Makarantar koyon sana'a ya yi kafin ya shiga aikin ofis, hannunsa bai taɓa mantawa da sifana ba. Akwai wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, doguwar hanci, gajeriya kamar za ta shafi ƙasa, irin wadda Turawa ke ƙerawa don gudu. Wani Bature injiniyan hanya ne ya sayar masa da ita da zai koma ƙasarsu, ta riga ta tsufa tun a lokacin. Shi ya tashe ta da hannunsa. In ya tayar da ita, kajin unguwa sai sun watse. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, ina jin daɗi in ya ɗauke ni mun ratsa gari ana bin mu da kallo.

Fitinar ta fara ne daga abokan aikinsa. A lokacin an shimfiɗa sabuwar kwalta a bayan gari, miƙaƙƙiya, babu kowa a kanta, to samarin ma'aikata sukan je can ranar Lahadi da yamma su gwada motocinsu. Wani abokinsa mai sabuwar mota ya wuce shi sau biyu, ya dinga yi masa tsiya, wai ya kai Hajiya Babba gida ta huta, tsohuwa ba ta tsere da 'yan mata. Ya dawo gida ranar ko tuwo bai ci ba. Ya kwaso wasu tsofaffin mujallun mota da Baturen ya bar masa, ya yi kwana uku yana dubawa, sannan ya zaunar da ni ya yi min bayani kamar ina aji. Ya ce injin ba shi da laifi, nauyi ne ya yi mata yawa. Ya ce in duba jaki in an sauke masa mangala yadda yake sakin ƙafa. Tunda ba shi da halin ƙara wa injin ƙarfi, to zai rage wa jikin kaya, kuma in ya iya cire kilo ɗari, ko da tashi abokin nan yake sai ya kama shi.

Haka aka fara. Ya aro sikelin rataye a wurin wani mai sayen hatsi, ya ɗaure a reshen darbejiyar tsakar gida. Duk abin da ya kwance sai ya rataya, ni in karanta lambar in rubuta da gawayi a jikin katanga, saboda ya ce tun muna saurayi da budurwa ya san na fi shi lissafi. Ya fara da 'yar kujerar baya. Sai kafet da tsumman da ke ƙarƙashinsa, sai rediyo da lasifikoki, sai bamba ta gaba da ta baya masu ƙyalli, sai marufan cikin ƙofofi, har ka iya ganin ƙarfe tsirara. Ya kai salansa, wato bututun hayaƙi, wurin mai walda aka datse rabi, ƙararta ta koma kamar aradu. Ni kuwa kakata ta yanke saƙa. Kujerar baya ta shiga falona, na yi mata riga da ragowar atamfa. Kafet ya zama shimfiɗar bakin gado. Da farko na ji daɗin abin sosai, don ya zama muna aiki tare, yana ce min Malama Akawu, ina ce masa mahauci, tunda kullum feɗe baiwar Allah yake yi.

A cikin wannan hali Inna ta zo mana kwana biyu, zuwanta Dutse na farko kuma na ƙarshe. Ta zagaya motar tana riƙe da haɓa, ta leƙa ciki, ta tambaye ni ko ɓarayi ne suka shigo mana. Da na yi mata bayani ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ita dai a garinsu in mutum zai yi tafiya ƙara guzuri yake yi, ba ta taɓa ganin mai zubarwa ba. Ta ce wanda ya ce gorar ruwa ta yi masa nauyi, ƙishirwa ce ba ta kama shi ba tukuna. Saboda kunyar suruki ba ta faɗa a gabansa ba, ni ta faɗa wa a kicin. Da ya tayar da motar zai kai ta tasha ta toshe kunne, ta ce abu ɗaya ya yi mata daɗi, duk ranar da zan zo gida a wannan gwangwani, tun ina bayan gari za ta ji, ta ɗora min fura. Daga ranar gwangwani take kiran motar.

Bayan tafiyarta kewa ta dawo min sabuwa. Aikin kuma ya daina yi min daɗi. Lissafin katanga ya tsaya a kan tamanin da biyu, ya ƙi gaba. Kullum in ya dawo ofis, ko riga bai gama cirewa ba sai ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani har a kira magariba. Yana neman 'yan kusoshi da 'yan ƙarafan da ko rabin kilo ba su kai ba. In na yi magana sai ya ce in yi haƙuri, saura kaɗan. Na roƙe shi ya bar ni in je gida in kwana biyu, ya ce shi zai kai ni da kansa. Ya yi min alkawari, da zarar ya cika ɗari ya yi tseren nan sau ɗaya tak, zai ɗauki hutu mu je in yi mako guda cur a ɗakin Inna. Sai ya zama ni na fi shi matsuwa da kilo goma sha takwas ɗin nan. Ina wanke-wanke ina kallon katanga. Ina kan sallaya, Allah ya yafe min, zuciyata tana zagaya motar tana neman abin cirewa.

Wata rana ya buɗe but yana goge-goge, idona ya faɗa kan safaya, wato tayar ajiya, ga jak a gefenta, ga jakar sifanu. Na ce masa ai ga ɗarinsa nan a kwance yana ta wahala. Ya girgiza kai nan take. Ya ce wannan ba a taɓa ta. Mahaifinsa direban babbar mota ne, kuma tun yana yaro yake jin yana cewa direban da ya fita ba safaya, a ƙafa ya fita, bai dai sani ba ne. Ni kuma na ƙi bari. Na ce yaushe rabon da tayarsa ta yi faci? Daga gida zuwa ofis ne fa, sai sabuwar kwalta wadda ko tsinke babu. Na ce ko dai tsoro yake ji, gara ya faɗa wa abokinsa ya sallama. Ni da ban iya gardama ba, ranar har da zolaya, har da shagwaɓa, har da ɓata rai. Kwana uku ina kan bakana. A na huɗu ya ɗauko su ya rataya a sikeli, na karanta, na haɗa, ɗari da ɗaya. Na yi guɗa a tsakar gida ni kaɗai. Amma ya kafa sharaɗi, ya ce na ranar tsere ne kawai, a jingine safayar a bayan ɗaki, ana gamawa zai mayar.

To ga inda babban laifina yake. Maƙwabciyar nan tawa tana da wani murhu da mijinta, mai walda, ya yi mata da tsohon wilin mota, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Ƙafa uku, ba ya cin itace, damina ba ta rusa shi kamar na ƙasa, in hadari ya taso sai ka ɗauke shi ka shiga rumfa. Na daɗe ina sha'awarsa, ga kananzir yana wahala a shekarun. Kullum in na zaga bayan ɗaki sai in ga safayar nan a jingine. Na ce a raina ai zai samu wata, mene ne wili a wurin mai mota? Ranar Laraba yana ofis na kira ta muka mirgina ta zuwa gidansu. Kafin la'asar an kawo min murhu sabo fil, tayar kuma an tsaga ta biyu, na zuba wa kaji da agwagina ruwa a ciki. Da ya dawo ya tarar da tukunya tana tafasa a kai, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba. Ya ce min kawai irin wannan wili ba a samunsa a Dutse, sai an je Kano an tona a wurin masu tsofaffin kaya, kuma da na tambaye shi. Na ba shi haƙuri da bakina, amma a zuciyata ina ganin abin bai kai ya kawo ba.

An sa tseren ranar Lahadi. Ranar Asabar da hantsi wani direban bas ɗan garinmu ya yi sallama a ƙofar gida. A lokacin babu wayar hannu, saƙo sai ta bakin direbobi. Ya ce Yayana ne ya aiko shi, Inna ta kwana uku da zazzaɓi, jiya jikin ya rikice, tun asuba sunana take kira, in zo yau, kar in kwana. Ban san lokacin da na zari mayafi ba. Direban ya ce in na bi shi tasha, da zarar motarsa ta cika za mu juya. Maigidana ya ce jiran lodi zai cinye rana, shi zai kai ni kafin azahar. Na yarda, har na ji wani sanyi, na ce yau gudun nan zai yi rana. Ya juya zai shiga sito ya ɗauko jak da sifanu, da ya ajiye a bayan buhunan gero. Ina kuka na ce masa don Allah ya bari, me jak zai yi mana babu safaya, lokaci yana tafiya. Ya ɗan tsaya, ya dube ni, ya shiga mota.

Gaskiya ta yi gudu. Ban taɓa ganin itatuwa suna wucewa haka ba. Babu kafet, babu marufan cikin ƙofofi, ƙarar tana dukan kwanyata, zafin injin yana gasa min ƙafa, ni dai ina jan carbi ina cewa ya ƙara. Muka wuce Kiyawa, muka wuce Jahun, muka sauka daga kwalta muka kama burjin da ke zuwa garinmu. Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa, gero ya rufe hagu da dama. Saura abin da bai fi tafiyar minti ashirin da biyar ba sai na ji motar ta karkata, sitiyari yana fizgar hannunsa. Ya tsaya ya fita. Wani guntun ƙarfe ne, da alama daga garmar shanu ya karye, ya shige tayar gaba. Ya zaga baya ya buɗe but, wallahi don sabo kawai, ya tsaya yana kallon ramin da babu komai a ciki. Na ga bayan wuyansa, na kasa fitowa daga motar.

Ya gwada ja a haka a hankali. Ba mu yi nisa ba tayar ta yage, wili ya nutse a laka, cikin motar ya zauna a ƙasa. Ba ranar kasuwa ba ce, ga wahalar mai, hanyar shiru kamar an share. Na kasa tsayuwa wuri ɗaya. In yi gaba har in daina ganin motar, in dawo da gudu don na ji kamar ƙarar inji, ashe iska ce a cikin gero. In hau jigawa in hanga, in sauko. Wasu manoma huɗu suka fito daga gona suka yi mana sannu. Da suka ji uwa ce ba lafiya suka ajiye fartanyu, suka kama motar, suka ɗaga ta cak suka fitar daga laka. Ɗayansu, dattijo, har yana mamaki, ya ce shi bai taɓa ɗaga mota mara nauyi irin wannan ba, ai ko jak ba ma buƙata, su za su riƙe, Alhaji ya ɗauko ɗaya tayar ya ɗaura. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce babu. Dattijon ya ce to a kwance wannan, ɗansa ya kai ta gari a keke ko za a dace. Ya ce sifana ma babu. Dattijon ya dube shi, ya dubi motar. Muna nan tsaye na ji kiran sallar azahar daga wani ƙauye can nesa. Na yi alwala da ruwan kududdufi na yi sallah a gefen hanya, ban san me na karanta ba.

Sai wajen ƙarfe uku aka samo mana amalanken shanu. Maigidana ya bar motar nan a daji, ko kulle ta bai yi ba, bai kuma waiwaya ba. Muka hau, shanu suna tafiya taku ɗai-ɗai, ina ji kamar in sauka in tura su. Motar da aka yi wata huɗu ana feɗewa don ta yi gudu, ga mu a bayan shanu. A ƙauye na gaba muka samu mai babur, ya ɗauke mu mu biyu.

Muna shiga gari bayan la'asar na hango maza suna tahowa daga gabas a jere, wasu da fartanya a kafaɗa. Na gane Yayana, wandonsa duk jar laka har gwiwa. Na ga makara an jingine a bangon masallaci, ba kowa a kai. Ba wanda ya faɗa min komai, ba a kuma buƙata. Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta riƙe ni a tsakar gida. Daga baya ta ba ni labari, ta ce Inna ta cika jim kaɗan bayan azahar, da kalmar shahada a bakinta. Sun jira ni har la'asar, hadari ya haɗo, Baba ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Ta ce tun safe Inna ta sa aka dama fura aka rufe. Duk lokacin da aka tayar da injin niƙa a bayan gida sai ta ɗaga kai ta ce a duba, ga gwangwanin nan ya iso. Sau uku tana sa a duba. Furar tana nan a ƙwarya, an rufe da faifai.

A zaman makoki Yayana ya tsare maigidana a zaure, ya ce wane irin mutum ne zai ɗauko 'yar mutane a mota babu safaya, babu ko sifana, don wasan yara? Ina daga soro na ciki ina ji. Ya amsa cewa laifinsa ne, a yafe masa. Bai ambaci sunana ba, ranar ko bayanta. Ni kuma na yi shiru. Dangina suka ɗauke masa gaisuwa, in ya je sai a amsa masa da ƙyar, a bayansa ana ce masa mai gwangwani. Ba a yi tseren ba. Motar da aka jawo ta, ya lulluɓe ta da tamfol, bayan shekara ya sayar wa wani bakanike. Katangar kuwa da kaina na wanke lissafin, amma inuwar gawayin ta ƙi fita sai da aka yi fenti.

Shekara bakwai ina ɗauke da wannan. Barci ba ya yi min nisa, in na ji babur mai fasasshen salansa sai in miƙe tsaye ban sani ba. Lokacin da aka fara shari'a, makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, na shiga ɗaya. Wata rana malamarmu ta yi bayani a kan mutumin da ya yi laifi ya bari aka ɗora wa wanda bai yi ba, ta ce wannan haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai ba ya wanke shi. Ban iya ƙarasa darasin ba. A makon na je gida, na durƙusa gaban Baba da Yaya na faɗa musu komai, tun daga sikeli har murhu, har jak ɗin da na hana a ɗauko. Baba ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ko a jirgi na zo ba zan ƙara wa Inna numfashi ɗaya ba, wannan rubutacce ne, amma ganawar da na rasa da sababina ne, in nemi gafarar Allah in daina azabtar da kaina. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne bawan Allahn da suka yi shekara bakwai suna ɓata wa rai. Yaya da kansa ya zo Dutse ya ba maigidana haƙuri. Shi kuwa dariya kawai ya yi, ya ce ai shi ya fara kwance motar, kuma wanda ya buɗe ƙofa ba ya zargin iska.

Na san ajali ba ya jira, ban kuma taɓa cewa da na iso da Inna ba ta rasu ba. Abin da na rasa shi ne in riƙe hannunta, ta ga fuskata, in ce ta yafe min, ta sa min albarka. Tafiyar minti ashirin da biyar ce ta rage, canjin taya kuma bai kai haka ba. Don haka nake jan hankalin 'yan uwana maza masu son mota, ku gyara abinku yadda kuke so, amma motar da iyali ke shiga, kar ku cire mata abin da aka ajiye don ranar wuya. Abin da ya shekara bai yi amfani ba, ranarsa ce ba ta zo ba. Mu kuma mata, mu ji tsoron Allah a kan nacinmu. In namiji ya ce a'a a kan abin da ya fi mu sani, kar mu yi ta murɗa shi da shagwaɓa har ya karya ƙa'idarsa, kuma kar mu taɓa kayan da aka ba mu ajiya. In kuma kuskure ya faru, a faɗi gaskiya da wuri, kar a bar wani ya ɗauka.

Yanzu muna da 'ya'ya huɗu, babbar sunan Inna ta ci. Duk tafiyar da za mu yi, ko ta nan da Kiyawa ce, sai na buɗe but na danna safaya da yatsana, yaran suna dariya suna cewa Umma ta fara duba gari. Murhun yana nan. Na yi shekaru ban iya hura masa wuta ba, yanzu duk Juma'a a kansa nake dafa gero in dama fura in raba sadaka, Allah ya kai ladan kabarinta. Wanda duk ya karanta, ina roƙon ya sa Innata a addu'a.